Ka Yanke Zaren, Zaharaddini

Yalwawa, Dutse.

Zuwa ga ƙanena Zaharaddini,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da sauran 'yan'uwa da kuke zaune tare a sansanin masunta, ya tsare ku daga sharrin ruwa da na tudu, ya kuma sanya albarka a abin da kuka fita nema. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin Dutse da ka sani, wanda duwatsu ke sha da rana su amayo mana da yamma. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har tana zuwa masallacin Juma'a in an samu mai adaidaita ya ɗauke ta daga ƙofar gida. Matarka Adawiyya tana nan lafiya tare da matata Lauratu, ba mu taɓa jin kansu ba. 'Yarka Munira ta yi giɓi, ta daina dariya a gaban baƙi. 'Yar'uwarmu Nabila da maigidanta sun zo daga Aujara makon jiya da gero da 'yar kuka, suka kwana biyu suka koma. Tarwadar da nake kiwo a bayan gida ma tana ci tana girma, in ban da ruwan famfo da ke mana rowa.

To, ba don labarin tarwada na zauna rubutu ba. Na kira lambarka har na gaji, daga baya na ji cewa wayar ta faɗa ruwan gishiri ta mutu. Na kira ta Malam Muslim, limaminku, ita ma kullum a kashe ko babu sabis. Shi ya sa na koma ga takarda kamar mutanen da, zan ba Malam Gaji direba da zai sauko da awaki Fatakwal, ya damƙa wa masu jirgin da ke kai muku kaya. Tsoro ne ya sa ni wannan rubutu. Ka karanta har ƙarshe, kada ka yi mini irin karatun nan naka na tsallake-tsallake.

Talha, abokin sana'arka, ya dawo ganin gida, ya biyo ta nan ya gaida Inna. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar ya buɗe baki yana zuba yabonka. Ya ce a duk sansanin babu wanda ya kai ka kamun kifin nan sinafa. Ya ce in kifi ya ja maka zare ya shige cikin saiwar itatuwan ruwa, ba ka yankewa kamar sauran mutane, sai ka tuɓe riga ka bi zaren da hannu, ka nutsa ka zaro kifin da ƙugiyarka. Ya ce tun da ka je ba ka taɓa barin ƙugiya ɗaya a ruwa ba, har 'yan garin suna tsayar da jiragensu su yi kallo, suna ce maka wani suna da yarensu wanda shi ma bai san ma'anarsa ba. Inna ta yi dariya har da tafi, ta ce ai gado ba karambani ba ne, ɗan Baba ne ya je ya nuna musu. Adawiyya tana bayan labule, na san murmushi take yi. Ni kuwa kofin furar da ke hannuna ajiye shi na yi, ban ƙara kurɓa ba. Talha yaron kirki ne, amma da na ga yadda yake washe baki yana ba da wannan labari, sai da na ji kamar in kwaɗa masa ludayin. Sunan da 'yan garin ke kiran ka da shi, ko ban ji shi ba na san ba na yabo ba ne.

Na riga ka shan ruwan gishirin nan, Zaharaddini. Kana makarantar allo na yi shekaruna a wannan dajin ruwa, kafin ciwon ƙirji ya koro ni tudu. Don haka bari in gaya maka waye sinafa, domin na lura kana yi masa kallon ɗan'uwan karfasa, alhali ba su haɗa ko kaka ba. Ka dube shi da kyau in ka kamo na gaba. Jikinsa toka-toka ne da ja-ja, kamar tukunyar ƙasa da ta sha wuta, wani lokaci ka ga duhun zane ya ratsa ta kan idonsa. Ka ɗaga leɓensa na sama da tsinke, ba da yatsa ba, za ka ga fiƙoƙi biyu irin na kare. Ko bayan ka jefa shi cikin jirgi yana nan yana datsa baki, kuma in ya samu yatsa ba ya saki da daɗi. A cikin saiwar itatuwan nan yake tasowa tun yana ɗan mitsitsi, itatuwan da ke tsaye cikin ruwa bisa saiwoyinsu kamar masu tsoron jiƙa riga. A nan yake cin jatan lande da ƙananan ƙaguwa da 'ya'yan kifi, a nan yake ɓuya. In ya manyanta sosai sai ya fita zurfi wajen duwatsu. Wanda kake samu a saiwa, a ɗakin uwarsa kake samunsa, ya san kowace ƙofa, kai kuwa baƙo ne.

Kuma yana da ido, ga wayo kamar dillalin kasuwar Shuwarin. Tarwada in ka jefa mata tana a kan ƙugiya mai kaurin ƙusa za ta haɗiye, ta gode maka. Sinafa sai ya zo ya tsaya ya duba, ya zagaya, in ya hangi zare ko ƙyallin ƙarfe ya juya abinsa. Wani lokaci ya sace abincin ya bar maka ƙugiya tsirara, kana zaune kana jira kamar mai gadin gidan da aka riga aka yashe. Shi ya sa ake masa zaren roba siriri mai kama da ruwa, da ƙaramar ƙugiya mai ƙarfi, a ɓoye ta cikin jatan lande mai rai, yadda zai riƙa motsi. Darma kaɗan ake sawa, daidai wadda za ta saukar da abincin, in ruwan ba ya gudu sosai ma a bar ta. Ka daka ƙananan ƙaguwa ka watsa sama da inda kake, ruwa ya kai musu ƙamshin, su fito daga saiwa da kansu. Kada ka buga filafili a jikin jirgi, kada ka bar inuwarka ta faɗa inda ka jefa. Kuma ba ya ci sai ruwa na tafiya, ko yana shigowa ko yana fita. In ruwa ya tsaya cik, ka jiƙa garin rogonka ka huta.

Duk wannan na san ka iya, ko ka fi ni ma yanzu. Inda ka ɓace shi ne abin da ke biyo bayan ya kama. Da zarar sinafa ya ji ƙarfe a baki, ba ya gudu fili kamar giwan ruwa, gida yake nufa. A wannan ɗan lokaci, kafin ka ƙifta ido, a nan ake cin sa ko ya ci ka. Ka ɗaga hannu ka juyo kansa waje da ƙarfi, kada ka ba shi ko taƙi ɗaya. Shi ya sa ake tsayar da jirgi ɗan nesa da saiwa, a ja shi zuwa fili. In ka yi sanyin hannu ya shige, to ya shige. Ka sassauta zaren ka yi shiru, wani lokaci in ya ji an daina ja yakan fito da kansa, sai ka fizgo. In bai fito ba, ka sa wuƙa ka yanke, ka ɗaura wata ƙugiyar. Haka 'yan garin suke yi tun kakanninsu, kuma ba ragwanci ba ne. Saiwar nan lulluɓe take da kawa, 'yan halittun nan masu ɓawo mai kaifin aska, su ne ke tsinka zare, su ne kuma ke tsaga hannu har ƙashi. Ƙarƙashinsu taɓo ne wanda ba shi da gindi.

Amma ba kawa ce ke hana ni barci ba, ruwan ne. Mu 'yan Haɗeja mun tashi da kogin da ke cika sau ɗaya a shekara. Yana zuwa a hankali, ana ganinsa, ana ba da labarinsa daga gari zuwa gari kafin ya iso. Inda ka tsaya da safe ruwa na ƙugunka, da yamma ma a ƙugunka za ka same shi. Wannan sanin yana cikin ƙafafunmu, ba a kai yake ba, shi ya sa ko an gaya wa mutum sai ƙafarsa ta manta. Ruwan can kuwa sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa tsakanin yau da gobe, kuma kullum lokacinsa na matsawa gaba. In wata ya tsaya sabo, ko ya kai tsakiya ya cika, cikar takan ninka, ta zo da gudu kamar an buɗe dam. Kuma daidai lokacin da ya juyo yana shigowa, lokacin ne sinafa ke ci, lokacin ne kai kuma kake tuɓe riga. Inda kuka fara sauka lungu ne da ruwa ba ya gudu sosai, ka yi ta samun sa'a, ka ɗauka gwaninta ce. Talha ya ce yanzu kun koma sabon wuri ta bakin mashiga, inda ruwa ya fi gudu. Yau da na fita sallar magariba na ɗaga kai na ga wata ya wuce rabi yana cikowa.

Ka tuna Mele, dogon nan na wajen Nguru da ke zuwa gidanmu a Haɗeja yana cin tuwo da Baba? Kana yaro aka ce maka ruwa ya ci shi a kudu, aka bar maganar a nan. Ina wurin. Mele ya fi ka nutso, ya fi ni, in ya shiga ruwa sai ka gama addu'a ka sake wata kafin ya ɓullo. Ranar da rana tsaka ce, bayan azahar, sama fes. Sinafa ya shige masa saiwa, ya dira ya bi zare, ruwa iya ƙirjinsa. Ƙafarsa ta zurma cikin taɓo ta shige tsakanin saiwa biyu, idon sawun ya maƙale. Da farko dariya yake yi, yana ce mana mu zo mu ciro shi kafin kifin ya yi masa dariya shi ma. Muka dira mu uku. Muka ja, ƙafar ta ƙi. Muka sa adda, amma adda ba ta da ƙarfi a cikin ruwa, saiwar kuma ɗanya ce, sai ta lanƙwashe ta dawo. Muna sara ruwa na hawa, daga ƙirji ya kai wuya, daga wuya ya kai haɓa, shi kuma ya daina dariya ya koma salati. Ba zan rubuta maka sauran ba. Sai da ruwa ya janye muka ɗauko shi, zaren na naɗe a hannunsa, ƙugiyar kuma babu kifi a jikinta.

Na san abin da za ka ce, don na san taurin kanka tun kana rarrafe. Za ka ce Baba, Allah ya ji ƙansa, ya hore mu cewa masunci ba ya barin ƙugiyarsa a ruwa, wanda ya bari kuwa ba ɗansa ba ne. Ni ma na sha dukan wannan magana, har yau akwai tabon a bayana. Amma ka taɓa tambayar kanka dalili? A koginmu mutane da ƙafa suke shiga. Masu kamun kifi da homa suna bi, masu lalube suna cusa hannu a ramuka, mata suna wanki, yara suna wanka, shanun Fulani suna shan ruwa. Ƙugiyar da ka bari yau, gobe tana tafin ƙafar ɗan maƙwabcinka ko a leɓen saniyar wani, haƙƙin kuma a wuyanka. Abin da Baba ke tsoro ke nan, ba asarar ƙarfe ba. To wa ke taka ƙafa a cikin saiwar can? Babu saniya, babu mai wanki, ko 'yan garin ba sa sauka daga jirgi a wurin. Gishiri kuma ba ya barin ƙarfe, kafin wani lokaci tsatsa ta cinye ta. Babu haƙƙin kowa a kanka in ka yanke. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma da Baba ya ga ruwan can da idonsa, da shi zai fara miƙo maka wuƙar.

Na kuma san cewa duk abin da na rubuta a sama, za ka karanta ka yi murmushi, ka ce Yaya Abdulbaƙi ya zauna a tudu ya zama matsoraci, mai kiwon kifi a kwami. Ka faɗa, ban damu ba. Tsoron nan da shi na dawo gida da raina. Amma da yake na san maganata ba za ta riƙe ka ba, sai na yi abin da ban so yi ba. Bayan tafiyar Talha na kwana biyu ina juya abin a raina. Lauratu ta ce kada in kuskura in gaya wa Inna, hawan jininta bai daɗe da sauka ba, in bar tsohuwa da farin cikinta, in rubuta maka kawai. Ta ce in wani abu ya same ta, da wane ido zan dubi 'yan'uwa. Gaskiya ta faɗa, kuma har muka ɗan yi sama-sama, abin da ba mu saba ba. Na ce mata na auna, kuma na zaɓa.

Jiya da hantsi na shiga ɗakin Inna, na same ta tana tsince wake a faifai. Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, yadda ruwan can yake, da abin da kake yi, da yadda Mele ya tafi, har da wurin da na tsallake maka. Ba ta katse ni ba. Da na kai inda ruwa ya kai masa haɓa, sai na ga hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta tambaye ni ko Mele ya kira uwarsa. Na ce ya kira. Ta tambaye ni kwana nawa ya rage wata ya cika, na ce bai fi 'yan kwanaki ba. Ta ture faifan gefe. Sannan ta ce ita da hannunta ta yi tafi ana ba ta labarin yadda ɗanta ke wasa da kabarinsa, Allah ya yafe mata. Ta ce in kira mata Adawiyya. A gabanta ta ba ni saƙon, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa, kada in sa masa zuma.

Ga saƙon. Ta ce ita ta zauna da Baba tun kafin a haife mu, ta fi mu sanin abin da yake nufi da maganarsa, kuma ta sauke maka ita daga yau. Ta ce duk ƙugiyar da ta shige saiwa, ta ba ruwa sadaka. Ta ce daga ranar da takardar nan ta shiga hannunka, in ka sake sauka daga jirgi ka bi zare, ko ruwan iya gwiwa ne, ko ka fito lafiya, ba ta yafe maka nonon da ka sha ba.

Zaharaddini, kai ka san Inna. Duk ƙiriniyar da muka yi, duk ɓacin ran da muka ba ta, har lokacin da ka bar makaranta ka bi jirgi, ba ta taɓa furta wa ɗayanmu wannan kalma ba. Da ta faɗe ta, Adawiyya ta fashe da kuka ta fita, ita kuma ta jawo faifanta ta ci gaba da tsintar wake, tana zubar da masu kyau tana ajiye tsakuwa. Tun jiya ba ta ci abin kirki ba. Duk wayar da ta yi ƙara a gidan nan, ko ta maƙwabta ce, sai ta ɗago kai. Ni na jawo mata wannan, na sani, kuma kallon da Lauratu ke yi mini ya ishe ni hukunci. Ban yi nadama ba. Ka ji haushina yadda kake so, ka zo gida da ƙafafunka ka gaya mini baƙar magana, zan zauna in saurara har ka gama.

Abin da nake so da kai, ranar da ka karanta wannan kada ka fita kamu. Ka samu Malam Muslim, ku hau jirgi ku je inda ake samun sabis, ka kira lambata in miƙa mata. Ba dogon bayani take so ba, so take ta ji da bakinka cewa ka ji, ka kuma karɓa. In Malam Gaji ya makara a hanya, takardar ta iske ka bayan wata ya cika, to Allah na roƙa ya tsare min kai a tsakanin, don iyakar abin da hannuna zai iya ke nan.

Ka gaida Malam Muslim da kyau, ka ce na gode da riƙon da yake muku. Ka gaida duk mutanen Haɗeja da na Nguru da ke sansanin, wanda ya san ni da wanda bai san ni ba, kuma ka karanta musu labarin Mele, ban hana ba. Lauratu tana gaishe ka. Nabila da maigidanta sun bar gaisuwa kafin su koma Aujara. Adawiyya tana gaishe ka, ta ce ba ta da abin ƙarawa a kan maganar Inna. Munira ta ce a gaya wa Babanta haƙorin ya fara fitowa. Na tambayi Inna ko in sa gaisuwarta, ta ce a'a, in bar wurin haka, tana riƙe da ita sai ta ji muryarka.

Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Naka, yayanka,
Abdulbaƙi